Wasu tsiron tumatirina sun fito da ganye irin na dankali: cuta ce ko gado?

Malam Lawal, Daura

Assalamu alaikum. Ina noman rani a kusa da madatsar ruwa ta Sabke. Bara na shuka tumatir irin na gwangwani, wanda mai sayarwa ya ce mini irin aure ne, wato wanda kamfani ya haɗa iri biyu ya samar, kuma da na ga ya yi albarka sai na zaɓi manyan 'ya'ya na cire irinsu na ajiye. Bana da na yi reno, mafi yawan tsiron sun fito da ganyen da muka saba gani, mai tsage-tsage, amma wasu ganyensu ya fito da faɗi, gefensa sumul, kamar na dankalin Turawa. Maƙwabcina ya ce cuta ce in tumɓuke su kafin dashe, ni kuwa na ga shar suke. Don Allah masana su yi mini bayani.

Malama Binta, Katsina

Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Ina koyar da ilmin halittu a makarantar sakandare, kuma bisa yadda ka siffanta ganyen, gado ne ya bayyana a lambunka. Tumatir yana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 35,000, kamar yadda masana suka nuna a 2012 lokacin da suka fitar da cikakken tsarin gadonsa, kuma kowace ƙwaya kwafi biyu take zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Cikinsu akwai wadda ake kira C, aikinta shi ne sa gefen ganye ya tsattsage tun yana ɗan mitsitsi a kan tsiro. Muddin kwafi ɗaya yana aiki, ganye zai fito yadda aka saba. Sai duka biyun sun zama marasa aiki ake samun ganyen dankali.

Ga alama ɗaya daga cikin iyayen da kamfanin ya haɗa mai ganyen dankali ne. Wasu masu samar da iri da gangan suke yin haka, domin tun a wurin reno su gane tsiron da auren bai kama ba. Tumatirinka na bara ya ɓoye wannan siffa, na bana kuma ya fito da ita, kamar yadda yaro kan tsallake iyayensa ya ɗauko kamannin kakansa. Ina roƙonka ka ƙirga tsiron. Idan masu faffaɗan ganyen sun kai kusan ɗaya cikin huɗu, to lissafin da masanin ilmin gado Gregor Mendel ya wallafa a 1866 bayan gwajinsa da waken Turawa (peas) ne ya tabbata a gabanka.

Alhaji Mamman, Ajiwa

Bayanin Malama ya gamsar, amma maƙwabcin Malam Lawal ma yana da dalilin jin tsoro, domin duk wanda ya daɗe a harkar lambu ya ga ɓarnar cutar nannaɗe ganye da farin ƙuda ke yaɗawa. Bambancin a fili yake. Mai cutar ganyensa kan ƙanƙance, ya lanƙwashe sama, gefensa ya yi rawaya, tsiron ya tsumbure, furen kuma ya zube. Irin wannan a cire shi nan take a binne nesa da wurin reno. Wanda ganyensa ya buɗe sosai, launinsa kore, girmansa daidai da na 'yan'uwansa, babu dalilin taɓa shi.

Malam Kabir, Dutsin-Ma

Ina karatun kimiyyar tsirrai, kuma zan ƙara kaɗan a kan abin da Malama ta faɗa, domin C ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Abin da muke kira ganye ɗaya a tumatir, tarin ƙananan ganyayyaki ne a kan ƙashi guda, kuma yawansu ya dogara ga tsawon lokacin da gefen sabon ganye ya yi yana ɗanye, yana iya fitar da sababbin sassa. Ƙwayoyin gadon da ake kira KNOX suna tsawaita wannan lokaci, har masana a 1996 suka ƙara ƙarfinsu a tumatir suka sami ganye mai ɗaruruwan rassa. Wata kuma mai suna Lanceolate gaggauta balagar ganyen take yi, idan ta yi aiki da wuri fiye da kima sai ganyen ya fito ƙarami, guda ɗaya tak babu rabe-rabe. A tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik akwai tumatirin daji mai ganye tsattsage ƙwarai, kuma a 2008 aka gano cewa ɗan canji a wurin da ke kunna ƙwayar gado guda ne ya jawo hakan.

Sai dai a ganina, Malam, abin da ya fi shafar aljihunka shi ne ƙwayar da ake kira SP, wadda ke kula da tsayin tumatir. Idan tana aiki, karan yakan fitar da ganye uku sannan tarin fure, ya sake maimaitawa ba tsayawa, shi ya sa irin wannan yake buƙatar sanda da igiya, kuma ana daɗewa ana tsinkarsa. Idan ba ta aiki, ganyen da ke tsakanin fure da fure yana raguwa har kan tsiron ya ƙare da fure, tumatirin ya tsaya gajere, 'ya'yansa su nuna kusan lokaci guda. Tumatir irin Roma da UC82B da suka cika fadamunmu duk irin wannan ne, kuma kuskure ne babba a yi ta cire musu toho, domin a kan tohon nan amfanin yake.

Malam Lawal, Daura

Allah ya saka muku da alheri. Na ƙirga, kuma lissafin Malama ya yi kusa ƙwarai. Na bara gajere ne, bai buƙaci sanda ba. Shin na bana zai iya fitowa da dogaye a ciki?

Malama Binta, Katsina

Amin, Malam. Tun da na bara gajere ne, kwafinsa biyu na SP duk marasa aiki ne, saboda haka 'ya'yansa ma gajeru za su kasance, sai fa idan ƙwari sun kawo garin furen wani lambu, abin da ba ya yawan faruwa domin tumatir kansa yake yi wa barbara. Inda za ka ga bambanci shi ne girman 'ya'ya, kaurin bawo, lokacin nuna da juriyar cuta, domin waɗannan ma sun rarrabu kamar yadda ganyen ya rarrabu, kuma dillali ba ya son kwandon da ya cakuɗe. Idan kasuwa kake nufi da na baɗi, ka sayi sabon iri. Idan kuma kana son naka, ka dasa masu ganyen dankalin a layi dabam, ka ajiye irin wanda ya fi kyau a cikinsu; ganyen zai tsaya haka tun daga zuriya ta gaba, sauran siffofin kuwa sai an maimaita zaɓe na shekaru shida zuwa bakwai kafin su daidaita.