"Da ɗan gari akan ci gari": wane irin ci ake nufi?

Ma'aikaciyar lafiya: Jama'a, a wani taron horo wani malamin jami'a ya ce duk mai son yin binciken lafiya cikin al'umma ya nemi na gida ya shige masa gaba, wai da ɗan gari akan ci gari. Kowa ya gyaɗa kai, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Ta dace a nan?

Ɗalibi: Ta dace mana, Anti. Baƙo da takardar tambayoyi da sirinji, wa zai miƙa masa hannu? Amma in uwa ta ga ungozomar da ta karɓi haihuwarta, sai hankalinta ya kwanta.

Dattijo: Ɗana, cin nan na yaƙi ne. Garin da ya gagara, sai a nemi na ciki ya buɗe ƙofa da dare. Dubi binciken Tuskegee a Amurka: daga 1932 zuwa 1972 an bar baƙaƙen fata kusan 400 masu tunjere ba magani, har bayan an san penisilin na warkar da ita. Wadda ta riƙa kai su asibiti nas ce baƙar fata, Eunice Rivers, wadda suka amince da ita. Da yardar tasu aka cuce su.

Ɗalibi: Baba, wancan ai aikin hukumar lafiya ce, kuma zamanin ya wuce.

Malamar jami'a: Bai wuce ba, ƙanena, kuma mu ma 'yan jami'a da namu. Daga 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka ɗebi jinin ƙabilar Havasupai ta Amurka da sunan binciken ciwon suga, sai ga shi an yi nazarin taɓin hankali da asalin ƙabilar da jinin. Sai a 2010 aka sasanta, aka biya dala 700,000, aka mayar musu da jininsu. Ni na daina kawo karin maganar nan a aji. Na fi son "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": su faɗi ciwon da ke damunsu tun kafin mu rubuta tambaya ɗaya.

Dattijo: Madalla, 'yata. Ku kuma dawo da sakamako, da bakin da suke ji.

Ma'aikaciyar lafiya: Na gane abin da ya dame ni. Ni ce 'yar garin da ake turawa gaba. Kafin in sake ƙwanƙwasa ƙofar kowa, sai an gaya mini inda jinin zai je da wanda zai taɓa shi.