Neman shawara: an yi wa ƙungiyar da ke kula da ƙanina kutse, bayanansa sun fita

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina da ƙani ɗan shekara 26, an haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa. Ba ya tafiya sai a keken guragu, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni ce uwa ni ce uba. Yayanmu namiji yana nan da ransa, amma a bar wannan zancen, in na fara ba zan gama ba. Shekara bakwai ke nan wata ƙungiyar agaji ta masu buƙata ta musamman ke zuwa da mota ta ɗauke shi sau huɗu a mako, a yi masa gashin ƙashi, ya wuni cikin mutane. Kafin mu samu gurbi sai da muka yi wata 14 muna jira. Akwai wata ma'aikaciyarsu, ita kaɗai yake yarda ta aske masa kai, ko ni in na matso da injin aski sai ya kama kuka.

To wasiƙa suka aiko a watan Agusta. Na zaci irin takardun neman gudummawar da suka saba ce, na ɗora a kan firij, sai bayan mako biyar na buɗe. Wai masu kutse sun shiga kwamfutocinsu a watan Maris, sun gano a Afrilu, kuma "mai yiwuwa" an kwashi sunansa, ranar haihuwa, adireshi, lambobinsa da bayanan lafiyarsa. Sun ce za su biya wani kamfani ya sa ido a kan sunansa na wata 12 kyauta. Me doka ta ba mu a nan? In karɓi tayin ko tarko ne? Kuma ni ba na son abin da zai sa su kore shi.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki share hawayenki, magana a fili take. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta musu sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, cikin awa 72, kuma in abin na da haɗari ga mutum a sanar da shi nan take. Bayanan lafiya suna cikin mafi tsauri a dokar. Maris zuwa Agusta awa nawa ke nan? Tara kuwa tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, wanda ya fi yawa, in manya ne. Ga sashe na 37 na kundin tsarin mulki, mai kare sirrin ɗan ƙasa. Kada ki sa hannu a komai, kada ki karɓi komai. Lauya, gobe da safe.

Uwar Biyu:
Na gode Alhaji, amma na manta ban faɗa ba, a Amurka muke. Lambobin da nake nufi su ne Social Security, wato lambar shaidarsa ta gwamnati, da ta Medicaid, inshorar lafiyar da gwamnati ke ba shi.

Baban Walid:
To ai gara ma haka. Ƙasar da ake kai ƙara a kan komai? Equifax, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, da aka kwashe bayanan mutum miliyan 147 a 2017 sai da suka amince da biyan kusan dala miliyan 700. Maganata tana nan: lauya.

Mai Keke:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tatsar bayananmu tun farko. Shekara 19 ina kan keke. Duk inda ka je neman taimako sai an miƙo maka fom mai shafi goma: wa ke yi maka wanka, kana riƙe fitsari ko ba ka riƙewa, nawa ke shigo maka a wata. Ka ƙi cikewa a ce ba ka cancanta ba. Wata cibiya da na taɓa zuwa, da idona na ga fayil ɗina a buɗe a kan teburin karɓar baƙi, kowa na wucewa yana leƙawa. Da na yi magana aka ce na cika ƙorafi. Mai lafiya in an sace lambar katinsa banki ya ba shi sabo. Mu wa zai ba mu sabon tarihin rashin lafiya?

Anti Nas:
'Yar uwa, ni ma a Amurka nake, aikin jinya nake yi, ba lauya ba ce. Alhaji, da girmanku, ba haka abin yake da sauƙi a nan ba.

Tambayar farko: dokar HIPAA, mai kare sirrin bayanan lafiya, ta hau kansu? Ba kowace ƙungiyar agaji ta shafa ba. Amma tunda suna gashin ƙashi, in suna tura wa Medicaid takardar neman biya ta kwamfuta, to da alama ta hau. In ta hau, kwana 60 suke da shi daga ranar da suka gano su sanar da ku, sai fa in jami'an tsaro ne suka ce a jinkirta saboda bincike. Afrilu zuwa Agusta ya zarce haka, don haka ki tambaye su dalili a rubuce. In mutanen da abin ya shafa sun kai 500, za ki ga sunan ƙungiyar a jerin da ma'aikatar lafiya ta tarayya ke wallafawa a intanet.

Sai dai HIPAA ba ta ba ki damar kai su kotu da kanki ba. Abin da ta ba ki shi ne ƙorafi ga ofishin kare haƙƙin jama'a (OCR) na ma'aikatar, kyauta, cikin kwana 180 daga lokacin da kika sani. Kada ki yi lissafi daga ranar da kika buɗe ambulan, ki yi daga ranar da ke jikin wasiƙar don ki tsira. Kuma dokar ta hana su ramuwar gayya a kan wanda ya kai ƙorafi. Wace jiha kuke? Kowace jiha a cikin 50 ɗin tana da tata dokar sanarwa, kuma ofishin babban lauyan jiha na karɓar ƙorafi.

Uwar Biyu:
Anti, doka ta hana a takarda. Amma in suka ce mota ta cika, ko an rage kwanaki saboda ƙarancin ma'aikata, wa zai tabbatar ramuwa ce? Ni zan zauna da shi a gida in rasa aikina. Kuma maganar mako biyar ɗin nan, don Allah kada a ga kamar sakaci ne. Aiki biyu nake yi, ga yara biyu, ga shi. Ambulan ɗin iri ɗaya ne sak da na neman gudummawa.

Baban Walid:
Wannan tsoron shi suke ci da shi. Ni da kamfanin waya ya ba wani layina, har aka yashe mini asusu, kowa cewa ya yi in bar wa Allah. Ban bari ba. Wata tara ina sintiri, takarda bayan takarda, sai da aka dawo mini da kuɗina har kwabon ƙarshe. Ƙanwata, wanda ya yi shiru da haƙƙinsa ya ba da kyauta. Kuma wannan sa idon na wata 12 toshiyar baki ce, kina karɓa kin yafe ƙara.

Abu Hanif:
Alhaji, a nan kam ban yarda ba. Karɓar sa idon ba ya nufin ta yafe ƙara, sai in an rubuta haka a sharuɗɗan. Ta karanta su kafin ta latsa, ta nemi inda aka ce duk rigima sai a gaban mai sasanci ba kotu ba. Equifax ɗin da kuka kawo sun taɓa cusa irin wannan sharaɗi a 2017, da aka yi musu ca suka cire. Kuma dala 125 da aka yi ta yayatawa a 2019 cewa za a ba waɗanda abin ya shafa, mutane da yawa abin da ya iso hannunsu bai kama ƙafar haka ba.

Kotun ma ba a buɗe take ba kamar yadda ake zato. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar TransUnion da Ramirez, kotun tarayya tana son ganin cutarwa ta zahiri, fargabar abin da zai iya faruwa kaɗai ba ta cika isa a ba da diyya ba. Dokar Kalifoniya mai ba da diyyar kuɗi ga kowane mutum kuwa, kamfanonin neman riba ta nufa, ƙungiyoyin agaji galibi ba sa ciki. Abin da aka fi yi shi ne ƙarar gayya, lauyoyi su shigar a madadin kowa. In aka sasanta za a aiko miki takarda, in ba ki cire sunansa ba kafin wa'adi, yana ciki, kuma ba zai sake kai tasa ƙarar daban ba.

Ni dai da ni ne, kafin duk wannan, yau ɗin nan zan kulle rajistar bashinsa a manyan kamfanonin ajiye tarihin bashi uku, Equifax, Experian da TransUnion. Kyauta ne tun 2018. Sa ido sai ɓarawo ya shiga yake gaya miki, kullewa kuwa ƙofar take rufewa. Irin su ƙaninki ne ɓarayin suka fi so, mutumin da ba ya neman bashi, ba ya duba komai, a yi shekaru ana ci da sunansa ba wanda ya sani. Ki nema masa lambar sirri ta hukumar haraji IRS, mai lamba shida, don kada wani ya cike haraji da sunansa. Ki riƙa duba bayanan Medicaid ko an rubuta aikin da ba a yi masa ba. Tambaya ɗaya: kina da takardar kotu ta riƙonsa, ko takardar wakilci? Tunda ya wuce 18, za su nema kafin su kulle a madadinsa.

Uwar Biyu:
Ba ni da ita. Shekara bakwai ni ke sa hannu a komai a ƙungiyar, ba wanda ya taɓa tambayata. Mahaifiyarmu ta fara maganar kafin ta kwanta ciwo, yayanmu ya ce ba za a kai ɗan uwansa gaban alƙali a rubuta cewa ba shi da hankali ba. Kuma gaskiya ni ma ban so ba. Yana da hankalinsa, maganar ce ke ba shi wuya.

Mai Keke:
A nan ina bayan yayanku. Kada a ƙwace wa bawan Allah ikon kansa saboda laifin wasu. In yana gane abin da ake faɗa masa, shi zai ba ki wakilci da kansa, ba sai an je gaban alƙali ba. Kin ma gaya masa abin da ya faru? Bayanansa ne fa.

Maman Iman:
Allah sarki. Mu a Ingila da makarantar ɗana ta tura rahoton lalurarsa ga iyayen wani yaro bisa kuskure, na rubuta musu ina neman duk bayanan da suke riƙe da su, doka ta ba su wata ɗaya. Na kai ƙorafi ICO, hukumar kare bayanai ta can, aka rubuto musu su gyara, shi ke nan. ICO ba ta ba mutum diyya. Har yau ina haɗuwa da matar a bakin makaranta tana yi mini kallon tausayi. Ni dai da na sani ban wahalar da kaina ba.

Baban Walid:
Kun ga irinta. Kowa na ba ta aikin cike fom, su kuma da suka yi sakacin suna barci da munshari. Lauyoyin irin wannan ƙara ba sa karɓar ko sisi sai an ci nasara. Mene ne na jira?

Uwar Biyu:
Mai Keke, ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa yanzu ba. In ya ji an ambaci wurin da wata matsala zai ƙi shiga mota, ni na san shi. Alhaji, ba zan iya kai ƙarar mutanen da ke goge masa baki kullum ba, ba su suka yi kutsen ba. Zan dai duba maganar kullewar in na samu hutu ranar Asabar.

Wani abu kuma: ɗazu wata mata ta kira, ta ce daga kamfanin sa idon take, ta faɗi sunansa da ranar haihuwarsa daidai, ta ce in karanto mata lambar Social Security ɗinsa don ta kammala rajista. Na ce ina tuƙi, ta sake kira da yamma.

Anti Nas:
Kada ki ba ta! Ke ba ki ma yi rajista ba, ina suka samu lambar wayarki? Ki kira lambar da ke jikin wasiƙar da kanki. Kuma har yanzu ba ki faɗa mana jihar ba.

Uwar Biyu:
Amma Anti, ta san har sunan ƙungiyar fa.