Kawun yara ya kawo saitin motocin aikin hanya, ga ƙaramar komai baki take kaiwa, ya zan yi?

Maman Abba, Garwa:

Salamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah ina neman shawara. Yayana ne ya dawo daga Duwala ya kawo wa Abba tsarabar motocin wasa irin na masu aikin hanya, kwali guda babba, akwai katafila mai haƙa ƙasa da ben, wato tifa, ta yashi da mai kwaɓa siminti da wata mai ɗaga kaya da zare, sai ƙananan mutane masu hular kwano da abubuwan nan ja masu tsini da ake jerawa in an tare hanya. Yaron shekararsa 4 da rabi, shi dama duk inda ya ga ana aikin godoro sai mai moto ya tsaya mana ya kalla, tun da aka kawo ko abinci sai an yi faɗa yake ci.

To matsalar ƙanwarsa ce, wata 14 gare ta, komai ta samu baki. Jiya ina shara na tsinci taya ɗaya ta fita daga ben ɗin, ƙarama kamar kwabon sefa 25, kuma katafilar tana da wuta da kuka, da na juya ta na ga murfin pil ɗin, wato batir, da farce ma ana buɗewa. Ga wani wari da suke yi kamar na sabon silifas. A kwalin akwai hoton fuskar jariri a cikin jan da'ira an rubuta 0-3 an ja layi, baban su ya ce wai wannan na turawa ne kawai. In ɓoye ne gaba ɗaya ko yaya? Bana so yaya ya zo ya ga babu ya ji ba daɗi wlh, da kuɗinsa ya saya.

Alhaji mai kanti, Marwa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni kayan nan nake sayarwa ya fi shekara goma, bari in gaya miki gaskiya ko da za ta rage min ciniki. Wannan fuskar jaririn ba ado ba ce, ma'anarta akwai ƙananan abubuwa a ciki da za su iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Mutane suna ɗauka wai maganar wayo ce, sai uba ya ce min ai nawa yana da ƙwaƙwalwa zai iya, ina ruwan maƙogwaro da ƙwaƙwalwa fisabilillahi.

Kusan duk abin da ke kasuwanninmu daga Caina ne, ko ya shigo ta Duwala ko ta Najeriya ta wajen Mubi, kuma Caina ɗin hawa hawa ce, kamfani ɗaya zai yi maka mai kyau ya yi maka na banza gwargwadon kuɗinka. Kar ki dogara da CE da aka buga a kwali, asalinta alama ce ta cewa kaya sun cika ƙa'idar Turai, amma mai kamfani ne yake bugawa da kansa kuma mai injin buga kwali ba wanda ya riƙe masa hannu. Ni abin da nake yi in kaya sun zo, ina kama taya in ja da ƙarfi, in murɗa hannun katafilar, in ɗaga ta daidai ƙugu in sake a kan siminti. Wadda ta watse ta watse. Ki yi haka da daddare in yaron ya yi barci dan kar a yi kuka.

Adda Nas, Ngaundere:

Maman Abba ki bar maganar taya tukuna, ki je yanzu yanzu ki duba wane irin pil ne a cikin katafilar. In dogaye ne irin na rimot da sauƙi. In kuma masu faɗin nan ne kamar kwabo ko ƙananan irin na agogo, cire su ki kai inda hannu ba ya kai, mota ta yi shiru ba komai, Abba ya yi mata kukan da bakinsa.

Ina aikin jinya ne shi ya sa na matsa a nan. Shi pil mai kama da kwabo, musamman babban nan CR2032 mai faɗin milimita 20, in yaro ya haɗiye yakan maƙale a hanyar abinci, da ya haɗu da miyau sai wutar cikinsa ta fara aiki ta haifar da sinadari irin soda na yin sabulu, ya riƙa cin naman wajen. Cikin awa 2 kacal yana iya yin mummunar ƙuna, kuma ko pil ɗin da ya mutu ba ya kunna mota yana da sauran ƙarfin da zai yi ɓarna. Abin haushin yaron ba lallai ya nuna komai da farko ba, ɗan dalalar miyau, ƙin cin abinci, amai, tari, sai a ce haƙori ne ko shawara a yi ta jiƙe jiƙe kwana biyu.

In Allah ya kiyaye hakan ta faru ko ma zargi kike, kar ki sa mata yatsa ta yi amai, kar a ba ta manja ko madara wai ya wuce da shi, a hau moto a tafi babban asibiti inda ake yin radiyo, wato ɗaukar hoton cikin jiki, ki faɗa musu da bakinki tun daga ƙofa cewa pil ne. Yaron da ya wuce shekara 1 kuma yana iya haɗiya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10 a kan hanya, kar ya wuce sau 6, tana rage ƙunar ne kawai ba magani ba ce, kar a tsaya neman zuma a gidan maƙwabta lokaci na tafiya. Wanda bai kai shekara ba ba a ba shi zuma sam.

Sai mayen ƙarfe. Irin mai ɗaga kayan nan wasu a bakin zaren akwai ɗan ƙaramin mayen ƙarfe da aka liƙa da gam. Gwada da allura ki gani ko zai kama. Guda ɗaya yakan fita da bayan gida, amma in biyu ne, ko ɗaya da wani ƙarfe, sai su jawo juna ta cikin hanji su matse shi har ya huje, wannan sai tiyata.

Kawu Direba, Kusiri:

Ikon Allah. Mu dai da muka taso motar kara muka yi da ta gwangwanin madara, taya kuwa tsohon silifas muke yankawa, mu ɗaura igiya mu ja har bakin Logon mu dawo, ba wanda ya mutu. Yanzu an sayo wa yaro abu da kuɗi kuma an zo ana tsoronsa. Ku bar yara su yi wasa, abin da Allah ya rubuta ba makawa.

Adda Nas, Ngaundere:

Kawu Allah ya ƙara girma, ai mu ma ba mu ce a hana wasa ba. Motar karan taku ba pil a cikinta ba fenti, kuma tayar silifas ba ta shiga bakin jariri, wato ta fi wannan aminci nesa ba kusa ba. Ta gwangwanin ce dai ba zan ba ka gaskiya ba, yara nawa muke ɗinke wa yatsa muna yi musu allurar tetanus saboda ita. Kuma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kai ma ba ka tashi daga Kusiri zuwa Marwa a wannan hanyar ba ka duba birki ba.

Kawu Direba, Kusiri:

Hahaha to 'yata kin kama ni, birki kam sai na duba.

Malamin lakwal, Injamena:

Ni maganar warin da fentin zan taɓa kaɗan. Wari mai ƙarfi alamar roba mai araha ce, ki wanke da ruwa da sabulu ki shanya a inuwa kwana biyu, in bai tafi ba kar ya kwana a ɗakin da yara ke barci. Amma dalma ita ba ta da wari, ba a gane ta da ido. Duk mun ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara ɗaruruwa suka rasu, can daga haƙar zinariya ne amma gubar ɗaya ce, kaɗan kaɗan take taruwa ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ya zo lakwal karatu ya ƙi shiga ana ta dukansa a banza. Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba, a 2007 Mattel na Amurka da girmansa sai da ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda dalma a fenti da kuma mayen ƙarfe da ke fita. To bare wanda ba suna ba adireshi a kwali. Ki kankara da farce, in launin a cikin robar yake duk ɗaya ciki da waje da sauƙi, in kuwa shafawa aka yi a kan ƙarfe yana ɓarewa, wannan kar ya kusanci bakin ƙaramar.

Wani abu kuma da masu rubuta kwalin ba su san da shi ba, ranarmu. A watan Maris da Afrilu zafi yana haura 40, motar da ta yi sati biyu a tsakar gida robarta ta bushe, yaro na takawa ta fashe da kaifi kamar kwalba. Wadda ta ci jarabawar Alhaji yau ba lallai ta ci ta bayan wata uku ba.

Maman 'yan biyu, Garwa:

'Yar uwa ni abin ya taɓa faruwa da ni, hular kwanon ɗan mutumin nan ce Hassan ya sa a baki yana wata 18, kawai na ga ya yi shiru ido ya fito ba kuka ba tari, wlh ƙafata ta kasa ɗaukata. Maƙwabciyata ce ta fizge shi ta kifa a cinyarta kai ƙasa ta buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu, a na huɗu abin ya faɗo. Daga baya a asibiti aka ce daidai ta yi, bugu biyar a baya, in bai fito ba ga wanda ya wuce shekara a matsa ciki sama da cibiya sau biyar, kuma kar a riƙa lalube da yatsa in ba a ganin abin don tura shi ake ƙara yi. In yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin.

Dabarar da nake yi tun lokacin, kwalin tsakiyar takardar bayi, duk abin da ya shige ta cikinsa ba na ƙananan ba ne. Manyan motocin kuma na sa musu tsohon faranti da yashin kogi a bayan ɗaki, babban yana wasa can in ƙananan sun yi barcin rana, in ya gama mu ƙirga tare mu zuba a bokitin fenti mai murfi in ɗora kan kwaba. Ƙirgar ce ta fi komai, don ki san in wani abu ya ɓata.

Maman Abba, Garwa:

Usoko jama'a Allah ya saka da alheri. Adda na duba, ƙanana ne guda uku irin na agogo, na cire na naɗe murfin da salatif, mai ɗaga kayan ma allura ta kama a bakin zaren, na yanke shi. Mutanen da jajayen abubuwan duk sun shige kwalin takardar bayi, na ƙulle su a leda sai ta girma. Ben ɗin kuwa ba ta ci jarabawar Alhaji ba, sauran tayoyi ukun duk sun fita a hannuna har ƙarfen tsakiyar ya fito da tsini, ita kam ta tafi. Abba ya tashi ya tambaye ni ina ben ɗinsa na ce tana gareji, yanzu ya ce sai na kira makaniken a waya ya ji yaushe za a gama. Alhaji ko kana da mai manyan taya wadda ba pil, nawa ne, akwai mai zuwa Garwa ranar Juma'a?