Lambar CA-125 ɗin Yaya ta hau bayan shimiyo na farko

Maman Hafsat, Garwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, jiya ban runtsa ba. Yayata ce, ciwon dajin ƙwan mahaifa da aka yi mata aiki a kansa a Yawunde ya dawo bayan shekara ɗaya da wata biyu. An mayar da ita shimiyo, wato maganin daji na ƙarin ruwa, duk kwana 28. Kafin a fara, CA-125 ɗinta, wato lambar gwajin jinin da ake bin ciwon da ita, 420 ne. Bayan ruwan farko muka auna, sai ga 510. Mijinta ya ce ashe maganin hura ciwon yake, a bar shi haka nan. Likitanta kuma sai Alhamis ta sama za mu gan shi.

Hajiya Inna, Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa kaffara ne. Ki ce wa mijin nata ya yi haƙuri zuwa Alhamis, ba a yanke irin wannan hukunci da tsakar dare.

Malam Buba, Ngaundere: Sannu Maman Hafsat. Aikina ke nan gwajin jini, bari in tambaye ki. Wuri ɗaya aka yi gwajin biyu? Kwana nawa bayan ƙarin ruwan aka ɗebi jinin? Kuma an taɓa zuƙe mata ruwa daga ciki kwanan nan?

Maman Hafsat, Garwa: Na farko a Yawunde, na biyu a wani ɗakin gwaji na kuɗi a nan. Kwana goma bayan ruwan. Ruwan ciki kuwa an zuƙe, sati biyu ke nan, don har numfashi ya fara yi mata wuya.

Malam Buba, Ngaundere: To, duk ukun nan suna iya karkata lamba. Injin wani ɗakin gwaji da sinadarinsa ba lallai su zama irin na wani ba, jini ɗaya sai ya ba da lamba biyu. Kamar ki auna gero da tiyar Marwa ne ki sake aunawa da ta Garwa, sannan ki ce an yi miki sata. Na biyu, CA-125 ba daga ƙarin dajin kaɗai yake fitowa ba. Tantanin da ya lulluɓe cikin mutum ma yana fitar da shi idan wani abu ya dame shi. Shi ya sa yake hawa ga mai ruwan ciki, da mai tarin fukan da ya sauka ciki, da mai ciwon hanta, har da mace lafiyayya mai haila ko ƙaramin ciki. Ƙa'idar likitocin wannan fanni ma ita ce ba a dogara da lambar idan an taɓa cikin a kwana 28 da suka wuce. Na uku, a zagaye na farko da na biyu lambar takan ɗan yi tsalle kafin ta fara sauka, musamman da jan maganin nan doksorubisin. Abin da suke kira magani ya karɓa shi ne lambar ta faɗi rabi ko fiye, ta kuma zauna haka kwana 28. Abin da ke tayar musu da hankali kuwa shi ne ta ninka mafi ƙanƙantar lambar da ta taɓa kaiwa, a sake aunawa bayan aƙalla sati guda a ga haka ne. Daga 420 zuwa 510 bai kai ko ɗaya ba. Ban ce miki maganin yana aiki ba, na ce takardar nan ba ta isa shaida ba.

Maman Hafsat, Garwa: Ja ne kuwa ɗaya daga cikin ruwan, har fitsarinta ya canza launi. Amma Malam, a gefen takardar an rubuta 35. Ina 35 ina 510?

Malam Buba, Ngaundere: Wannan 35 iyakar mai lafiya ce. Yaya da kanta za ki gwada ta: lambar wannan watan da ta watan jiya, ba da ta masu lafiya ba.

Baban Yusra, Kuseri: Mun ga irin wannan da Baba, nasa na hanji ne. Gwajin jinin nasa, ga masu takardar Faransanci, ACE ake rubutawa, shi ne CEA a takardun Najeriya, mun sha ruɗewa muna zaton gwaji biyu ne. Sati huɗu da fara shimiyo ta hau, gida ya rikice, a zagaye na uku ta gangaro. Likitan ma ya tambaya ko Baba yana shan taba, don taba kaɗai tana ɗaga ACE. Abin da ya taimake mu littafin makaranta ne mai shafi 32. Kowane gwaji mu rubuta rana, lamba, inda aka yi, da nauyinsa da yadda yake cin abinci. Likita in ya buɗe, minti ɗaya ya ga inda aka dosa. Ki sayi ɗaya yau.

Gwaggo Asabe, Garwa: Ni dai da za ku ji tawa, ku haɗa da na gargajiya. Akwai mai magani wajen Pitowa ranar kasuwar Lahadi, saiwa yake bayarwa, mutane suna yabawa. Na asibitin nan zubar da gashi da amai kawai.

Anti Zainabu, Njamena: Gwaggo, ku gafarce ni, a nan ban bi ku ba. Jinya nake yi, kuma na san ɗaya maganin da ake haɗawa da jan, wato karboplatin, da ƙarfin ƙoda ake lissafa yawansa. Idan saiwar da ba a san abin da ke cikinta ba ta taɓa ƙoda ko hanta, sai a ɗage ƙarin ruwan, lokaci ya tafi. Addu'a da zamzam ba wanda ya hana. Duk abin da za ta haɗiya kuwa, ko zogale ne aka dafa da yawa da sunan magani, a faɗa wa likita.

Gwaggo Asabe, Garwa: To ai shi ke nan, ku ne masu boko. Allah ya ba ta lafiya.

Anti Zainabu, Njamena: Amin Gwaggo. Maman Hafsat, ya jikin nata a ido? Cikin yana sake cika da sauri? Tana bayan gida? Idan amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura ba bayan gida ba tusa, ko zazzaɓi ya kai 38, kada ku jira Alhamis, asibiti mafi kusa a daren. Zazzaɓin mai shimiyo ba a cewa cizon sauro ne a sha magani a kwanta.

Maman Hafsat, Garwa: Alhamdu lillahi ba zazzaɓi. Cikin bai dawo kamar da ba, jiya har ta sha kunun gyaɗa kofi biyu.

Malam Buba, Ngaundere: Wannan kofi biyun ki rubuta a littafin, likita zai so jinsa. Ku tambaye shi yaushe za a yi sikana, wato hoton ciki, yawanci bayan zagaye na uku ne, ita ke nuna ko ƙarin dajin ya ragu. Jini kuma daga yanzu a riƙa ɗiba dab da kowane ƙarin ruwa, a wuri ɗaya. In a Garwa za ku tsaya, akwai reshen Centre Pasteur. Wani abu don mijin nata: a 2010 an buga wani babban bincike da aka yi a Ingila da wasu ƙasashe, kan matan da lambarsu ta hau bayan sun gama magani alhali ba sa jin komai. Waɗanda aka yi maza aka mayar shimiyo saboda lamba kaɗai sun riga sauran farawa da kusan wata biyar, amma ba su fi su tsawon rai ba. Halin Yaya daban ne, ita tana tsakiyar magani. Na kawo shi ne don ya ga su kansu likitocin ba lamba kaɗai suke bi ba.

Maman Hafsat, Garwa: Na karanta masa duka. Ya yi shiru, sannan ya ce a nemi tikitin jirgin ƙasa na Talata. Allah ya saka da alheri. Sai dai masaukinmu na da a Yawunde mutanen sun tashi.

Hajiya Inna, Marwa: Ƙanwata tana Birketeri, kusa da babban masallaci, tana da ɗakin baƙi a ƙasa, ba hawan bene. Zan turo miki lambarta ta gefe. Ku nemi ɗakin kwanciya a jirgin, kujera ba za ta yi wa Yaya ba dare guda cur, kuma ku tafi da tsofaffin takardun aikin duka, har da na bara.