Wa zai biya ni kuɗin jalalata?

Mai Jalala, Kurmi: Assalamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Tun kafin azumi na ci bashi na saro kayan doki: jalala goma sha biyu, linzami, likkafa, har da alkyabba huɗu. Ƙaramar Sallar 2025 ta zo, 'yan sanda suka hana hawa. Na ce Allah ya kai mu babba. Babbar ma ga ta, an sake hanawa. In ka haɗa da Babbar Sallar 2024, sau uku ke nan ba Hawan Daushe, ba Hawan Nasarawa. Jiya na ɗaga ledar da na lulluɓe kayan, ƙura ta hau kansu, zaren ado ya fara dusashewa. Mai bashi kuwa kullum sai ya biyo ta bakin rumfa ya yi min doguwar sallama. Ni dai na ce kotuna ne suka kashe mana kasuwa. Shari'a ta haura shekara ana jan ta kamar danƙo, lauyoyi na cika aljihu, mu muna hamma. A yanke ko ma mene ne tsakanin sarakunanmu biyu na Kano, mu san inda muka dosa.

Ɗan Fagge: Biyu? Alhaji, gyara maganarka. Sarki ɗaya ne a Kano, yana Gidan Dabo. Majalisar Dokoki ta soke dokar masarautu biyar ranar 23 ga Mayun 2024, gwamna ya sa hannu a ranar, washegari Malam Muhammadu Sanusi ya karɓi takarda. Ina na biyun ya fito?

Bawan Sarki: Eh, ɗaya ne, nan kam mun yarda. Sai dai ɗayan yana gidan sarki na Nasarawa, sunansa Alhaji Aminu Ado Bayero. A ranar da kake taƙama da ita ɗin, Mai Shari'a Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ba da umarni a tsaya yadda ake. Aka yi kunnen uwar shegu. Wanda ya shiga gida bayan kotu ta ce kar a shiga, me sunansa?

Ɗan Fagge: Kotun da ba ta da hurumi, ai umarninta ihu ne bayan hari.

Mai Jalala, Kurmi: Ni fa maganar kayana nake yi.

Maman Ummi: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma tsakani da Allah kalmar nan ta biyu ta yi nauyi. Ko a gidan miji ba a cewa masu gida biyu.

Baristan Gobe: Ku ɗan saurara a fayyace muku, ina aji huɗu a fannin shari'a. Maganar hurumi ba sabuwa ba ce. An tuɓe Sarkin Muri, Umaru Abba Tukur, a 1986, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya yana cewa an tauye masa haƙƙi. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce rigimar sarauta ce aka sa wa rigar haƙƙin ɗan'adam, don haka ta kotun jiha ce. Irin wannan hanyar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi ranar 10 ga Janairun 2025, ta jingine hukuncin Liman a ƙarar da Sarkin Dawaki Babba, Aminu Babba Ɗan'agundi, ya shigar.

Ɗan Fagge: Allahu Akbar! Barista ya gama magana.

Baristan Gobe: Ban gama ba. Ranar 14 ga Maris ita wannan kotun ta dakatar da aiwatar da hukuncin nata har sai Kotun Ƙoli ta yi magana.

Bawan Sarki: To ka ji! Ta janye. Sarki na nan daram.

Baristan Gobe: Ba ta janye ba, dakatarwa ta yi. Hukuncin na nan, an dai ɗaure masa ƙafa.

Bawan Sarki: Dokin da aka ɗaure wa ƙafa ai ba ya hawan Sallah, yaro. Ka gama makarantar tukuna.

Baristan Gobe: Baba, in shekaru ne hujja, da ba a buɗe makarantar lauyoyi a Bagauda ba.

Malam Na Soron Ɗinki: Kai ɗan nan, ba a yi wa babba haka. Ka ba shi haƙuri. Sannan ku duka kun manta akwai Babbar Kotun Jiha. Mai Shari'a Amina Adamu Aliyu a watan Yulin 2024 ta hana Alhaji Aminu da sauran huɗun da aka sauke kiran kansu sarakuna. Kowa sai ya ɗauko takardar da ta yi masa daɗi ya ɓoye ɗayar a ƙarƙashin tabarma. Har Alƙalin Alƙalai na ƙasa sai da ya kira shugabannin kotunan biyu saboda umarnin da ke karo da juna.

Ɗan Fagge: Malam, ai shi ya sa muka ce mai zaman maƙabarta ya tattara ya koma gida.

Bawan Sarki: Maƙabarta? Inda Marigayi Ado Bayero yake kwance kake kira da wannan bakin? Kakan naka gwanin ma ai a can yake. Ka janye, ko wallahi na fita daga zauren nan.

Ɗan Fagge: To in akwai kaburbura a wuri, me ake ce masa? Otal?

Maman Ummi: Subhanallah. Ku ji tsoron Allah, ku bar mamata su huta.

Ɗan Bichi: Ina ta karantawa ina dariya. Ku 'yan birni kuna faɗa a kan ɗaya ko biyu, mu da aka ba mu masarauta a 2019 aka ƙwace a 2024 wa ya tambaye mu? Da aka dawo da masu daraja ta biyu, Rano ta samu, Gaya ta samu, Ƙaraye ta samu. Bichi ko oho. In ƙidaya za a yi, ni biyar na sani.

Ɗan Fagge: Dama masarautar da aka yanka da almakashin siyasa ai ba ta kwana.

Ɗan Bichi: Naku da me aka ɗinka shi? Kwankwaso ya naɗa a 2014, Ganduje ya cire ranar 9 ga Maris 2020, Abba ya dawo da shi. Duk alƙalamin gwamna ne, launin hula ne kawai ya bambanta.

Bawan Sarki: Kuma a tambaye su, Sanusi sarki na 14 ne ko na 16? In na 16 ne, kun yarda da bakinku an yi na 15 ke nan. In na 14 ne, me ya sa aka ba shi sabuwar takarda?

Baristan Gobe: Wannan ba tambayar shari'a ba ce.

Bawan Sarki: Ba da kai nake ba.

Malam Na Soron Ɗinki: Abin da ya ba ni mamaki, kowannensu kotu ta taɓa share masa hawaye da kuɗi iri ɗaya. A 2021 kotun tarayya a Abuja ta ce korar Malam Sanusi zuwa jihar Nasarawa ta saɓa doka, a biya shi naira miliyan 10. A 2024 kotun tarayya a Kano ta ce a biya Alhaji Aminu miliyan 10 saboda an tauye masa haƙƙi. Lokacin na farko wasunku suka ce alƙali gwarzo ne, lokacin na biyu suka ce an saye shi.

Ɗan Fagge: Na biyun dai kowa ya san daga Abuja ake kaɗa gangar.

Ɗan Bichi: Kawo hujja.

Ɗan Fagge: Wani yayana da ke aiki a can ne ya faɗa min. Sojojin da ke gadin Nasarawa kai ka turo su?

Maman Ummi: Ni tsorona kar ta zama irin ta Gwandu. An cire Sarki Jokolo a 2005, sai 2025 Kotun Ƙoli ta rufe maganar. Shekara 20! Yaron da aka haifa ranar ya isa aure.

Mai Jalala, Kurmi: Shekara 20? Hajiya, asu zai cinye jalalar kafin nan. A Disambar 2024 aka ce UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya, har na ƙara sari saboda murna. Tun daga nan ban sayar da ko linzami ɗaya ba.

Bawan Sarki: Alhaji, kai ka jawo duk wannan da ka ce biyu.

Ɗan Fagge: A nan dai na yarda da shi.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Ga abin da muhawara ta tabbatar. Kusan kowa ya amince kuskure ne a ce biyu, kuma masanin shari'a da ke cikinmu ya kawo hujja tun daga 1989 cewa kotun tarayya ba ta da hurumi, wanda ke nuna Sarki shi ne na Gidan Dabo. Maganar dakatarwar watan Maris ƙaramin al'amari ne na tsarin kotu, ba sai mun tsaya a kai ba. Bawan Sarki ya kira ɗalibi yaro, an yi masa gargaɗi na farko. Batun maƙabarta raha ce, a bar ta a raha. Ɗan Bichi ya fita daga maudu'i. Shi kuma Alhaji Mai Jalala, a tuna masa dokar zaure ta hana talla sai ranar Juma'a.

Baristan Gobe: Shugaba, ni ban ce haka ba.

Shugaban Zaure: An rufe.