Gidan hutu a bakin teku: ta ina zan fara ƙawata cikinsa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawararku nake nema. Mun kammala ɗan gidan hutu kusa da teku, ɗaki uku da falo da baranda. Burina in shiga in ji kamar a lambu nake, ga kore, ga katako, ga iska. Na fara gwaji da ɗaki ɗaya: na manna takardar bango mai zanen ganyen ayaba, na sa wadurob na MDF, na shimfiɗa kafet, muka kulle muka tafi. Bayan wata huɗu muka dawo, ƙofa na buɗewa wari ya tare mu. Takardar ta ɗago daga kusurwa, bayanta baƙi ƙirin da fumfuna, gindin wadurob ya kumbura har ƙofarsa ba ta rufuwa. Jikina ya yi sanyi. Saura ɗaki biyu da falo, kuma ba na so in sake zubar da kuɗi.

Wani kafinta:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da wannan asara. MDF garin katako ne da aka haɗa da gam aka matse, in ya sha laima ya kumbura ba ya komawa. Ki nemi katako na gaske. Katakon bishiyar tik (teak) shi ne gaba, domin yana da mai a jikinsa, ruwa da gara ba sa cin sa da sauƙi. Kujerun ratan, wato na saƙar itace mai lanƙwasuwa, ma suna da kyau, ba su da nauyi kuma iska na ratsa saƙarsu, amma ki bar su a inuwa, rana na busar da su su tsage. In za ki sa gora, ki tambaya ko an jiƙa ta a ruwan boras, sinadarin da ke hana ƙwari cin ta, in ba haka ba wata rana za ki tarar da gari gari a ƙarƙashin kujera, ƙwari sun cinye cikinta. Sukurori da mariƙan ƙofa kuwa a sa na ƙarfe marar tsatsa (stainless steel) mai lamba 316, shi ke jure gishirin iskar teku, 304 yakan fara ɗigon tsatsa.

Wata mai zanen gine-gine:
'Yar'uwa, ni gani nake kin fara da ado kafin iska. Ki duba ayyukan Geoffrey Bawa, mai zanen gine-gine ɗan Siri Lanka, wanda ya rasu a 2003. A gidansa na Lunuganga farin bango ne, baƙin katako, dogayen tagogi, koren kuwa daga waje yake leƙowa. Ki tsaya tsakiyar kowane ɗaki da yamma ki ji ta ina iska ke shiga, ta ina take fita, kada ki tare hanyar da kabad ko labule mai kauri. Ƙasa a bar ta tayil ko tarazo, da 'yar tabarma da za a iya naɗewa. Labule da zanin gado na auduga ko lilin. Fankar sama ta kai aƙalla mita 2.1 daga ƙasa. Launi mai ƙarfi ki zuba shi a matasan kujera, su ake cirewa a wanke.

Wata uwar yara:
Ki kula da shuke-shuken cikin ɗaki. Monstera da difenbakiya suna da kyau a ido, amma in yaro ya tauna ganyen bakinsa zai yi zafi ya kumbura. Kuma farantin da ke ƙarƙashin tukunya in ruwa ya kwanta ciki, gidan sauro kika gina. Tun da ba kullum kuke nan ba, wa zai ba su ruwa? A dasa su a ƙasa a waje, gaban tagogi.

Wani ɗan'uwa:
Ban ƙi maganar iska ba, amma gidan nan a kulle yake yawancin shekara, nan matsalar take. Fumfuna na samun wuri in laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 60 cikin 100. In akwai wuta tsayayya, na'urar tsotse laima za ta taimaka. In babu, a samu wanda zai riƙa buɗe gidan duk mako.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Mai buɗewa za mu samu. Malam kafinta, wadurob ɗin fa, wane iri zan sa a yi?

Kafinta:
Mai ƙofa ta gilla-gilla, Hajiya, irin mai tsage-tsagen da iska ke bi. A yi masa ƙafa ya tashi daga ƙasa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Ranar tafiya ki buɗe ƙofofinsa duka, ki jingine katifu a tsaye, kada ki bar takalmi ko jakar fata a ciki, su fumfuna ke fara kamawa.