Numfashi ya ƙaru amma ƙarfin ƙafa ya ragu, meye dalili?

Ɗan Keke Kabuga:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin motsa jiki ku taimaka min. Ina shirin gasar tirayatalon ne, wato iyo da keke da gudu a jere, irin na Olamfik mai iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Tun hunturu nake doguwar tafiya a keke ta hanyar Gwarzo, gudu kuma bayan asuba a Race Course. Yanzu numfashi alhamdulillah, ina gudu ina hira ba haki, amma wallahi ƙafar ce ta ƙi, matakalar Dala da nake hayewa a guje a da yanzu tun rabi cinya ta yi sanyi, in na miƙe kan feda zan fizga kuma babu wannan ƙarfin. Ciwo ne ko haka abin yake?

Koci Gwale:
Wa alaikumus salam ƙanena. In babu zafi ko kumburi a gwiwa to ba ciwo ba ne. Naman ƙafa zare iri biyu ne, akwai mai juriya wanda baya saurin gajiya, akwai mai fizga wanda shi ke tsalle da hawan tudu. Doguwar tafiya na farkon take ginawa, zuciya na turo jini da yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikin nama, shi ya sa ka daina haki, amma mai fizgar an barshi ba aiki ga gajiya tana taruwa a kansa mako bayan mako. Wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya gwada wannan a 1980, masu haɗa ɗaga ƙarfe da tirenin juriya ƙarfin ƙafarsu ya hau har wajen mako na 7 sannan ya tsaya, a mako na 9 da na 10 ma ya sauka, su kuwa masu ƙarfe zalla suka ci gaba da hawa. Kuma gudu ya fi keke cin ƙarfin nan saboda dukan ƙasa. Kana shiga jim kuwa?

Ɗan Keke Kabuga:
Koci na ajiye jim tun da tafiyar ta yi tsawo, lokaci ne babu.

Koci Gwale:
To a nan take. Farkon shekarar tirenin ake gina ƙarfi, sau biyu a mako, in gasa ta matso sau ɗaya ma ya isa ya riƙe maka abin da ka tara, sikwat, wato tsugunawa da miƙewa ɗauke da ƙarfe, mai nauyi ƙirga kaɗan, amma kada ka yi shi a bayan dogon gudu, ka raba musu rana.

Maman Iyo:
Koci ka yi haƙuri ni ban ga abin tada hankali ba sosai. Mai gasar da zata ci sama da awa biyu me zai yi da tsalle? Numfashin nan shi ne jarinsa, kuma rabin abin da yake ji gajiya ce kawai, ya rage tirenin mako ɗaya ko biyu kafin gasa kamar yadda ƙwararru suke yi zai ga ƙafar ta dawo. Sannan kar a manta a Kano muke, watan Afrilu zafi na haura digiri 40, mutum ya yi awa uku kan keke ya dawo ya sha shayi da biredi kawai, da me naman zai gyaru? Ƙwai, wake, nono, kifi, ga ruwa da ɗan gishiri, ga barci wanda zafin dare ke hana mu.

Koci Gwale:
Gaskiya ne Hajiya batun abinci da hutu, amma ƙarfin yana da amfani, duk wanda ya taɓa sauka daga keke ya fara gudu ya san yadda cinya ke nauyi a kilomita na farko, mai ƙarfin ƙafa shi ke riƙe takunsa a nan. Ƙanena ka huta kwana uku ka koma Dala da sassafe ka gwada, in ta dawo gajiya ce, in bata dawo ba ka koma jim wannan makon. Ka dawo ka faɗa mana yadda ta kaya.